Kunnen Wule

Tun kuna ƙanana kun sha jin tsofaffin danginmu suna ce mini wanzamin shanu a wajen suna ko biki. Su yi dariya, ni ma in yi, ku ma ku taya mu ba ku san abin da ake wa dariyar ba. To tawa dariyar yaƙe ce, kuma sunan nan ya girme ku duka. Yanzu da duk wanda maganar za ta kunyata ya riga mu gidan gaskiya, bari in warware muku ita daga tushe, don kada wata rana wani ya gaya muku rabinta ku ɗauka ita ce duka.

A lokacin muna zaune a rugarmu kusa da rafin Tagwai, tun ba a yi dam ba, ruwan yana tafiyarsa yadda ya ga dama. Kakanku, wanda nake kira Baba, ya gaji da yawon kiwo, ya kafa bukka ya ce nan za a binne shi. Inna kuwa kullum da safe takan ɗora ƙwarya ta nufi Minna da nono da man shanu, ta bi ta Tudun Wada inda take da masu saye gida-gida, ta dawo da gishiri da kanwa da labari. Labarin kullum ya fi kanwar yawa. Ni ne babba a cikin 'ya'ya, ban daɗe da yin aure ba, kuma kiwo yana hannuna.

A cikin garkenmu akwai saniya ɗaya da ba tamu ba, fara mai baƙar fuska, sunanta Wule. Ta Baffa Gidado ce, aminin Baba tun suna samari, wanda ke kiwo can nesa da mu wajen bakin kogi. Shekarar da annoba ta kusa share mana garke, shi ya koro ta da kansa tana karsana, ya ɗaure mana a turke. Wannan shi muke kira habbanaye. Amininka ya ba ka aron karsana, ka riƙe ta har ta haifa maka sau uku, maruƙan naka ne, sannan ka mayar masa da uwar yadda ya ba ka ita. Ba takarda, ba shaida, sai mutunci. Saniyar habbanaye ita ake fara shayarwa, ita ake fara cire wa kaska, kuma ko babba bai isa ya ɗaga mata sanda ba, balle yaro. Wule ta haifa mana biyu, tana ɗauke da cikin na uku, daga shi sai komawa gida. Akwai kuma abin da ku 'yan birni ba ku sani ba: kowane gida yana da tsagarsa ta kunnen shanu, kamar yadda mutane ke da tsagar fuska, da ita ake gane dabbar wane ce ko a kasuwar da ba a san ka ba. Gidan Baffa Gidado tsaga ɗaya suke yi a kunnen hagu. Mu biyu muke yi, a kunnen hagun dai.

A waɗannan shekarun ne, ana cikin yaƙin basasa, jiragen ƙasa na wucewa ta Minna maƙare da soja, wata jami'a ta can arewa ta zo ta yi gini a kan tudun da ke tsakaninmu da gari, daidai hanyar da Inna ke bi. Aka ce gidan binciken cutar dabbobi ne. Ni dai tun ana aikinsa hankalina bai kwanta da shi ba, domin gini ne da bai yarda ya zauna a ƙasa ba. Sun kafa dogayen ginshiƙan siminti, suka ɗora gidan a kansu, ƙarƙashinsa fayau, kana tsaye a gabas kana hango mai wucewa a yamma. Rufinsa a shimfiɗe, ba kwano ba ciyawa, ka rasa inda ruwan sama ke bi ya sauka. Gabansa gilashi ne daga wannan kusurwa har waccan, sai suka jera wasu faffaɗan allunan siminti a tsaye a gaban gilashin kamar haƙoran mataji. In ka tsaya daidai saitinsa sai ka ga kamar za ka hango ciki, da ka ɗan gusa sai allunan su rufe maka. Na ciki yana ganinka, kai ba ka ganinsa. Matakalar ma a waje take, maƙale a gefe tana murɗewa, ba abin da ya tokare ta. Ga wani inji da ke gunji a ciki ba ya hutawa. Abin da ya fi tsaya wa mutane a rai kuwa, gidan ba katanga, ba zaure.

"Gidan da ba zaure," in ji Inna, "a ina baƙo zai tsaya ya yi sallama? Wanda ba ya son a yi masa sallama, akwai abin da yake ɓoyewa."

"Rumbu ne suka yi," Baba ya ce. "Abin tambaya shi ne me za a zuba a ciki."

Kullum Inna da sabon bayanin da za ta kwaso daga Tudun Wada. Yau a ce an ɗaga gidan ne don mutanen ɓoye na tudun sun hana a taka musu ƙasa, gobe a ce don abin da aka ajiye a ciki kada ya rarrafo ya fito ne. Wani mai shayi kuma ya rantse cewa daga saman nan ake leƙen garken kowa ana ƙidayawa saboda jangali. Wannan ta ƙarshe ita ta shiga kunnen Baba ta zauna. Mutum ɗaya ne yake kare ginin, maƙwabcinmu Ayuba, Bagwari manomi kuma Kirista, wanda shanunmu ke kwana a gonarsa bayan girbi su bar masa taki. Shi ya ɗauki kwanon siminti lokacin aikin, da aka gama aka ɗauke shi kula da dabbobin da ake ɗaurewa a ƙarƙashin gidan. Ya ce wa Baba ginshiƙan don iska ne da inuwar dabbobi, allunan kuma don tare rana. Baba ya dube shi ya ce in inuwa suke so, me ya sa suka sare ɗorawar da suka tarar a wurin. Ayuba ya sosa ƙeya.

Da damina ta yi tsakiya ciwon sammore ya shigo mana garke. Ƙudan tsando ne ke kawo shi, kuma shekarar ƙudan ya hauro har gindin rugarmu. Namu biyu suka faɗi, muka haƙura, namu ne. Sai ya kama Wule. Gashinta ya tashi, idonta na zubar da ruwa, haƙarƙarinta ya fito har ana iya ƙirgawa, ta daina kiwo sai lasar ƙasa, ga ciki. Ba sassaƙen da ba mu jiƙa ba, ba hayaƙin da ba mu yi ba. Baba ya daina cin abinci sosai, yakan zauna kusa da ita yana kore mata ƙuda da hularsa. Wata safiya Ayuba ya leƙo ya gan ta, ya ja ni gefe.

"Buba, kawo saniyan nan karkashin gida," ya ce da Hausarsa. "Likita zai ba shi allura. Wallahi na gani da idona, wanda ya fi wannan lalacewa ya tashi."

Da na kai wa Baba maganar sai da gidan ya ɗauki zafi. Ya ce amanar mutum ba a kai ta inda ba a san ƙofar fita ba. Na ce amanar ce ke mutuwa a gabanmu muna kallo. Inna, wadda ta fi kowa tsoron gidan, ta ce ita dai ba ta yarda da su ba, amma kuma ba ta iya kallon idon saniyar nan. Baba ya juya mana baya yana fuskantar garke. A wurinmu wannan ba izini ba ne, ba kuma hani ba ne. Na ɗauka yadda nake so, na sa wa Wule igiya muka kama hanya, muna tafiya muna hutawa.

Da na isa ƙarƙashin gidan na rasa wanda zan yi wa sallama, sai na yi wa ginshiƙi. Likitan ya sauko ta murɗaɗɗiyar matakalar nan, ɗan ƙasa ne ba Bature ba, siriri mai tabarau, Hausarsa ta makaranta. Ya gaishe ni da ladabi har ya tambayi iyali, abin da ya ƙara mini zargi, domin ban taɓa ganin ma'aikaci ya girmama Bafulatani ba sai in yana son wani abu. Ya soki jijiyar kunnen Wule, ya ɗiga jinin a kan ɗan gilashi, ya ce in biyo shi sama. Na hau ina riƙe da bango. Ciki sanyi kamar bakin rijiya, doguwar hanya da ɗakuna a jere, hasken rana ya shigo ta tsakanin allunan ya kwanta a ƙasa layi-layi. Na waiga ta gilashin, sai ga rugarmu can ƙasa, bukkokinmu da garkenmu tar, har ina iya gane jan bijiminmu. Nan take na tuna maganar mai shayi. Likitan ya sa ni leƙa wani madubi, na ga wasu abubuwa suna wutsil-wutsil a cikin jinin, ya ce su ne sammore. Na gyaɗa kai, amma a raina na ce wa ya sani ko tun da can suna cikin madubin.

A hanyar fitowa ne na ga abin da har yau yake mini yawo a kai. Wani ɗaki ne cike da ƙananan keji na raga, kowanne da ƙudan tsando a ciki, ga zomaye an ajiye musu suna tsotsar kunnuwansu. Ƙudan da muke kwashe garke mu gudu saboda shi, shi mutanen nan suke kiwo, har da ba shi abinci a kan lokaci. Na tsaya cak. Likitan ya yi murmushi ya ce sai ka san maƙiyinka kake iya yaƙarsa. Ni dai na san ana kiwon kare don gadi, ana kuma kiwonsa don a saka wa mutum. Shekarar da suka zo ce ƙuda ya yi mana yawa. Ko su suka saki, ko damina ce kawai, ban sani ba, kuma duk mai ce muku ya sani ƙarya yake.

Gaskiya dai ɗaya ce, ba zan ɓoye ta don ba na son gidan ba: allurarsu ta yi aiki. Suka riƙe Wule 'yan kwanaki, da na koma na tarar da ita a tsaye tana tuƙa, idonta ya washe. Na yi hamdala har na rungume wuyanta. A nan hannuna ya taɓa wani abu mai sanyi. Sun huda kunnenta na hagu, kusa da tsagar Baffa Gidado, sun maƙala wani ɗan ƙarfe mai lamba. Ba wanda ya tambaye ni. Likitan ya ce duk dabbar da suka yi wa magani haka suke mata don su gane ta nan gaba. Ayuba ya ce ba komai ba ne, kamar ɗan kunnen mata ne. Su a wurinsu kunnen saniya fata ce kawai.

Da muka iso gida Inna ta fito da murna, tana ganin ƙarfen ta haɗiye murnarta. Baba ya zagaya saniyar, ya kama kunnen ya daɗe yana duba lambar da ba ya iya karantawa.

"An shigar da ita lissafin gwamnati," ya ce. "Duk inda ta je ƙarfen nan zai kai su. Mutum ya ba mu aro don ya rufa mana asiri, mu kuma mu rako masa masu jangali har turkensa?"

Na ce to in mayar da ita su cire da abin da suka sa shi.

"Wanda ya ɗana maka tarko ba shi za ka roƙa ya kwance ba," ya ce.

Washegari na kai maruƙa rafi, da na dawo na tarar da Baba a tsaye kusa da Wule, wuƙa a hannu, jini a yatsunsa. Ya yi ta fama da ƙarfen ya ƙi buɗewa, sai ya yanka kunnen daga hudar zuwa baki ya zare shi, ya aiki ƙanena ya jefa shi a Tagwai. Don ya kare amininsa ya yi, wannan ko a gaban Allah zan shaida. Amma da ya matsa baya muka dubi kunnen tare, sai na ga jikinsa ya yi sanyi. Tsagar Baffa Gidado ɗaya, ga ta Baba a gefenta. Wule ta tashi da tsaga biyu a kunnen hagu, tsagar gidanmu sak. Baba ya tsuguna ya goge wuƙar da ƙasa.

Da mun aika wa Baffa Gidado a ranar, da wataƙila maganar ta mutu. Amma kunya ta riƙe Baba, kullum sai ya ce bari ta haihu tukuna, bari ruwa ya ɗauke. Kafin nan ciwon ya warke sumul, ya zama kamar tsohuwar tsaga. Ita kuwa magana ba ta jiran kaka. Mata masu tallar nono suka gani, suka kai kasuwa, kasuwa ta kai bakin kogi: gidan wane sun sauya wa saniyar habbanaye tsaga don kada su mayar. A cikin Fulani wannan ya fi sata muni, domin ɓarawo ba a hannunsa aka danƙa ba. Wule ta haifi na uku, ba mu kai ga yaye shi ba sai ga Baffa Gidado ya zo da kansa, sabuwar igiya a kafaɗarsa. Aka yi gaisuwa mai tsawo, Inna ta kawo fura, ya kai baki ya ajiye. Ya tashi ya nufi turke. Wule ta gane shi, ta miƙo wuya tana lasar hannunsa. Ya kama kunnen ya shafa.

"Da tsaga ɗaya na bar ta," ya ce.

Na zayyana masa ciwon, da gidan, da allurar, da ƙarfen. Ya saurara bai katse ni ba. Da na gama ya tambaya ina ƙarfen. Na ce yana cikin rafi. Ya gyaɗa kai a hankali, irin gyaɗawar da ta fi zagi ciwo. Na roƙe shi mu je gidan ya ji daga bakinsu, muka tafi mu uku. Muka tarar an yi wa likitan canjin wurin aiki, wanda ya maye gurbinsa bai san mu ba, ya aiko a ce yana cikin aiki. Na ga inuwar mutum a bayan gilashi tana kallonmu, bai sauko ba. Ayuba ne ya yi ta rantsuwa cewa a gabansa aka sa ƙarfen, amma Ayuba maƙwabcinmu ne, kuma Baffa Gidado ya san haka. Ya ɗaga kai ya daɗe yana duban allunan simintin nan.

"Wannan ne shaidarku?" ya ce. "Gidan da ba ya nuna fuskarsa?"

Sannan ya juyo gare mu, muna tsaye a inuwar ƙarƙashin gidan, injin na gunji a saman kanmu.

"Ƙarfe na ji, masu gidan nan suka sa. Wuƙar fa, hannun wa?"

Na dubi Baba. Tsoho ne da bai taɓa cin ko ƙwaryar wani ba, kuma na san in ya ce shi ne, ba mai yarda da dalilinsa, da wannan sunan za a kai shi kabari. Laifin yaro ana cewa ƙuruciya ce, na dattijo ba shi da inda zai fake.

"Ni ne, Baffa," na ce. "Baba bai sani ba sai bayan na yi."

Na jira Baba ya musa. Bai musa ba. Wannan shirun ya yi mini zafi ƙwarai, ba zan ɓoye muku ba, ko da yake ni na nema. Baffa Gidado ya dube ni tun daga sama har ƙasa.

"Ɗana, da ta mutu a hannunku, da na zo muku jaje na koro muku wata," ya ce. "Mutuwa ba ta cin amana. Tunda ta ɗauki tsagarku, ku riƙe ta."

Ya miƙa wa Baba hannu ya ce yaro ne, Allah ya shirya. Ni bai miƙa mini ba. Ya gyara igiyarsa a kafaɗa ya gangara tudun shi kaɗai. Zumuncinsa da Baba bai yanke ba, har ya zo jana'izarsa, kuma wannan shi ne abin da na saya. Ni kuwa daga ranar ba wanda ya sake ɗaure mini saniya a turke, da na tara nawa na yi tayin aro ga wasu ma, sai aka yi ta ba ni uzuri. Makiyayin da ba a ba shi aro, ba a kuma karɓar nasa, annoba ɗaya ta ishe shi. Ita ce ta zo daga baya ta tashe ni daga daji, shi ya sa kuka buɗi ido kuka gan ku a unguwar Fadikpe ta Minna, ubanku yana tsare shago.

A ranar dai muka koma gida, Baba a gaba ina baya. Da muka iso ya tsaya a gaban turken Wule, ya daɗe yana kallonta tana lasar ɗanta. A al'adarmu uba ba ya kama sunan ɗansa na fari, kunya ce. Tun da aka haife ni "kai" yake ce mini, ko "wancan", ban taɓa jin yadda sunana yake da muryarsa ba, kuma bayan ranar ban sake ji ba har ya rasu. Bai waigo ba ya yi magana.

"Buba," ya ce, "kwance ta ka kai ta rafi. Tun safe ba ta sha ruwa ba."

Na sunkuya ina kwance igiyar, hawaye ya hana ni ganin ƙullin.